Abincin manyan aladu: mai furotin da yawa ko wanda aka rage masa?

A arewacin Italiya ba a gaggawar yanka alade. Ƙa'idar busasshen naman cinyar alade da ake yi a yankin birnin Parma ta ce sai ya cika wata 9, a lokacin kuwa yakan kai kilo 160 zuwa 170. Masu kiwon can sun daɗe suna auna buhu iri biyu: wanda aka cika shi da garin waken suya har furotin ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari, da wanda aka rage zuwa wajen kashi 12 aka ƙara masa amino asid na masana'anta, wato ƙananan sinadaran da ake haɗawa a gina furotin.

Buhu na farko ya fi kwantar wa mai saye da hankali, don lambar da ke jikinsa babba ce. Sai dai alade in ya haura kilo 100, gina tsoka yana raguwa, tara kitse yana ƙaruwa. Furotin ɗin da jiki bai yi aiki da shi ba, hanta takan sarrafa shi, sinadarin naitirojin da ke cikinsa ya fita cikin fitsari ya gauraya da taki. Warin nan da ke sa ido hawaye in ka shiga ɗakinsu da sassafe, wani ɓangarensa kuɗin waken suyanka ne. A Turai abin har ya shafi doka, domin tun 1991 aka ƙayyade kilo 170 na naitirojin daga taki a kowace hekta cikin shekara, a yankunan da ruwansu ke saurin gurɓata. Rage furotin da maki 1, kamar daga kashi 15 zuwa 14, yakan rage naitirojin da ke fita da kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari.

Buhu na biyu ne zaɓina ga alade babba, amma da sharaɗi. Juya shi ka karanta takardar. In ba a rubuta adadin laisin ba, wato amino asid ɗin da alade ke buƙata don gina tsoka, ajiye shi. Masara ba ta da isasshen laisin da tiriftofan (shi ma amino asid ne), don haka abincin da aka cire wa waken suya aka cike gurbin da dusa kawai, rowa ce aka yi wa dabbar. Ƙuli-ƙuli ma bai kai waken suya laisin ba.

Daga nan sai jinsi, inda mutane da yawa ke tafka asara. Large White da Landrace na Italiya, da waɗanda aka haɗa da Duroc, an zaɓo su ne don su yi kitsen da zai rufe cinya, shi ya sa ragin ba ya cika taɓa girmansu in amino asid ya cika. Cinta Senese na yankin Toskana, mai jinkirin girma da kitse jingim, buƙatarsa ta fi haka ƙasa. Jinsunan da aka ƙera don zallar tsoka, irin su Pietrain, ba sa yafe ƙarancin laisin: nan da nan girma zai ja baya. Ƙa'idar Parma ma ba ta karɓar tsantsar Pietrain.

Mai kiwon da zai kai aladensa kasuwar Katsit kusa da Kafanchan tun bai kai kilo 100 ba, ya yi hattara da ragi mai yawa, don dabbarsa tana ganiyar gina tsoka. Ƙanana da uwa mai shayarwa kuwa, kada ma a kusance su da buhun da aka rage wa furotin.