Hikayata: sau biyu na shiga ban ci ba, kuma zan sake

Ni marubuciyar WhatsApp ce. Shekara huɗu ina sakin littafi shafi-shafi a guruf bayan sallar isha'i, masu karatu na ta zuba min "Allah ya ƙara basira, Anti." Har kaina ya fara girma. Gasar Hikayata ta BBC Hausa ce ta nuna min ashe da sauran rina a kaba.

Tun 2016 ake yin ta, ta mata zalla ce, kuma ba a biyan ko sisi wajen shiga. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin 'yan gudun hijira, a 2022 kuwa kambun ya tsallaka Nijar, wajen Amira Souley.

Abin da ya fi gasa min aya a hannu shi ne ƙa'idar tsawo, kalma 1,000 zuwa 1,500. Ni da na saba cinye shafi biyu wajen siffanta gashin amarya da kujerun falonta! Labarina na farko ya haura kalma 3,000. Na buga shi a takarda, na zauna a tabarma da jan biro ina ta yanka. Kishiya ta fita. Kawun da ke Kaduna ya bi ta. Har wani mafarki da na kwana uku ina tsarawa sai da na soke, raina na ƙuna. Da na karanta wa yayata abin da ya rage, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Yanzu na ji labari, da can surutu kike yi."

Ban kai ko cikin waɗanda suka cancanci yabo ba. Na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure, amma da aka fara karanto labaran a rediyo na gane dalili: jimlarsu ta farko ma kama mutum take yi, tawa kuwa sallama ce da gaisuwa.

Maza na ƙorafin an ware su. Su yi haƙuri, filin ai da faɗi.

Labarina na uku yana nan a waya, kalma 1,640. Ina ta kallon wata tsohuwa mai ƙosai da ke cikinsa, da alama ita ce za ta tafi.