Sharhi: Haɗa fiyano mai salo da manhajar sitidiyo ta agogon MIDI

Duk wanda ya saba da fiyano mai salo, irin wanda kana danna kod (sautuka da dama a tare) da hannun hagu sai ganga da bes da jita su biyo ka, ya san daɗinsa wajen kiɗa kai tsaye. Wahalar tana zuwa ne ranar da ka so shigar da kiɗan cikin kwamfuta don ka gyara shi. Ka sa fiyano a gudun 120, wato bugu 120 a minti ɗaya, ka sa manhaja ma a 120, da farko za su jera, amma kafin waƙa ta ƙare sai ka ga bugun ganga ya zame daga layukan da ke kan allo. Kowace na'ura da nata agogon, shi ke nan dalilin. Wannan ya sa na koma haɗa su ta agogon MIDI, kuma na daɗe ina aiki a haka har na san inda yake faranta rai da inda yake gajiyar da mutum.

MIDI tsohon tsari ne da kayan kiɗa da kwamfuta ke aika wa juna saƙo ta cikinsa, tun 1983 yake, kuma agogonsa ba shi da wani sarƙaƙiya. Na'urar da ke jagora tana aika sigina 24 a kowane bugu. A gudun 120 ke nan sigina 48 a daƙiƙa guda. Sai umarni uku: fara, tsaya, ci gaba. Ba a ma aika lambar gudun; fiyano ne ke auna tazarar da ke tsakanin siginonin ya gane saurin da ake so. Kamar makaɗa biyu ne a fili ɗaya, dole ɗaya ya riƙe kiɗa ɗayan ya bi.

Ni kwamfuta nake ba wa jagoranci. A cikin manhajojin sitidiyo, Cubase da Logic Pro suna aika agogon amma ba sa bin na wata na'ura, Ableton Live kuwa yana iya duka biyun. Ko da manhajarka tana iya bi, shawarata ka bar ta a gaba, domin a cikinta muryoyin da aka riga aka naɗa suke, kuma su ne ba sa son a riƙa jan su ana sakin su. A fiyano sai ka shiga saitin MIDI ka mayar da agogo daga na ciki zuwa na waje. Daga nan maɓallin farawa na jikinsa ba zai ƙara tayar da kiɗa shi kaɗai ba, sai kwamfuta ta motsa. Ba lalacewa ya yi ba, jiran umarni yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne rarrabuwar kiɗan. A fiyanon Yamaha masu salo, rakiyar tana fita ta tashoshi takwas, daga ta 9 zuwa ta 16: biyu na ganguna, ɗaya na bes, biyu na kod, ɗaya na shimfiɗar sauti, biyu na ƙawa. Idan ka kunna aikawar waɗannan sassa, ka buɗe wa kowanne layinsa a manhaja, sai kiɗan da a da dunƙule yake ya zama abin da za ka iya taɓawa ɗaya bayan ɗaya. Na sha cire bugu guda na bes da ya yi karo da muryar mawaƙi, na rage ƙarar kuge a amshi, na bar sauran yadda suke. Kuma tunda komai ya zauna kan layinsa, yankewa da maimaita baiti ba ya ɗaukar lokaci. Hatta rage gudu a ƙarshen waƙa, idan na zana shi a manhaja, fiyano na bi a hankali ba tare da tuntuɓe ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin wahalar saitin.

Sai dai agogon lokaci kawai yake ɗauka. Bai san kod ba, bai san ka koma daga salo na farko zuwa na uku ba. Kod ɗin sai ka naɗe hannun hagunka a layi daban, ka mayar da shi ta tashar da fiyano ke sauraron kod. A nan akwai abin lura: idan kod ya faɗo daidai kan layin gaɓa, wato rukunin bugun da ake raba kiɗa da shi, wani lokaci bes yakan fara da tsohon kod kafin ya gyara kansa, kunne kuma yana jin wannan ɗan karkacewar. Ina jan kowane kod baya kaɗan, ya riga gaɓar shiga, sai komai ya zauna. Sauya sashe da cikon ganga kuwa, a Yamaha ta saƙon SysEx suke fita, wato saƙon MIDI na musamman da kowane kamfani ke tsara wa na'urorinsa, wasu manhajoji kuma suna tace irin wannan saƙon har sai ka buɗe musu hanya da kanka.

Inda na fi gajiya shi ne farawa daga tsakiyar waƙa. MIDI yana da saƙon da ke faɗin inda aka kai, amma salo kiɗa ne mai zagayawa, nawa fiyanon daga kan zagayensa yake tashi ko ina na ajiye alamar farawa a manhaja. Idan ban fara daga kan gaɓa ba, sai ganga ta juye. Don haka kullum daga farkon baiti nake tashi, kuma ina barin gaɓa ɗaya a gaba wadda ganga kaɗai ke bugawa, daga baya in yanke ta.

Waya ma tana da tasiri. Tsohuwar hanyar MIDI mai ƙafa biyar tana tafiya ne da bit 31,250 a daƙiƙa, kowane sauti guda yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, to sassa takwas a waya ɗaya cunkoso ne. Na taɓa gwada wata ƙaramar waya mai mayar da MIDI zuwa USB, lambar gudu ta riƙa rawa a allon fiyano, wasu sautukan suna maƙalewa. Da na haɗa USB kai tsaye daga fiyano zuwa kwamfuta, abin ya lafa. Ka kuma tabbata manhaja ba ta mayar wa fiyano abin da ya aiko mata a lokacin naɗi, in ba haka ba za ka ji kowane sauti sau biyu, ya yi kauri marar daɗi.

Bayan an gama naɗi, ina kashe aikawar agogon, in mayar da layukan nan takwas cikin fiyanon, in ɗauki sautin kowanne shi kaɗai. Ba na yawan miƙa su ga kayan kiɗan kwamfuta, musamman jita da bes, saboda an tsara su ne don muryoyin fiyanon, irin MegaVoice na Yamaha inda ƙarfin dannawa ke sauya yadda ake kaɗa tsirkiya. A wata muryar sai su fito a matsayin sautuka na banza.

Ga mai son ɗaukar kiɗa a zama ɗaya ya ɗora murya, naɗin sauti kai tsaye ya ishe shi, kada ya wahalar da kansa. Ga wanda zai gyara, ya yanka, ya ƙara kaya a kan salo, ina ba da shawarar wannan hanyar ƙwarai. Saitin farko ne mai cin lokaci, don haka da zarar ya zauna ka adana shi a fiyano, ka kuma adana fayil ɗin manhajar mai layuka takwas a matsayin wanda za ka riƙa buɗewa duk sabon aiki.