Keken turawa ko mai batir, in Zariya za a kai Hajiya

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kin tambaya wane keken marasa lafiya za ki saya mata, wanda ake turawa da hannu ko mai batir. Tunda cikin birnin Zariya za ki kai ta, kuma gwiwa ba ta barinta tafiya mai nisa, ki bar zancen mai batir. Ki sayi keken turawa mai naɗewa, wanda tayoyinsa na baya manya ne.

Irinsa muke da shi, kuma da shi muka kai Babanmu bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, don ya daɗe yana cewa a kai shi ya ga unguwar da ya yi karatun allo. Daga Kaduna zuwa Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, keken yana naɗe a but ɗin mota, ga kular abinci a gefensa. In kun shiga ta Ƙofar Doka, kwalta ce har bakin fadar Sarkin Zazzau, nan ba ki da damuwa. Aikin yana farawa ne da an saki titi an shiga lungu. Ga yashi, ga kwata ta ratsa tsakiyar hanya, wani wurin katako kawai aka gitta a kan lambatu, kuma kusan kowane zaure da dokin ƙofarsa. A nan manyan tayoyi ke biyan kuɗinsu. Ƙanena sai ya taka ɗan ƙarfen da ke baya, ƙananan tayoyin gaba su ɗaga sama, manyan su haye a hankali, Baba ko girgiza bai yi ba.

Da muka isa gidan malaminsu, ƙofar zauren ta yi wa keken kaɗan. Samarin unguwa biyu suka riƙe Baba ta kafaɗa, muka naɗe keken muka shigar da shi, muka sake buɗewa a ciki. Ya zauna har azahar yana hira da jikokin malamin, yana kiran sunayen abokan karatunsa ɗaya bayan ɗaya. Tun da ya kwanta ciwo ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba.

Mai batir ma mun taɓa saya. A kan tayil ko simintin tsakar gida yana da daɗi, ba zan hana shi wannan ba. Amma nauyinsa sai ƙarti biyu, kuma in caji ya ƙare a tsakiyar lungu kin shiga uku. Namu yana sito tun da batirin ya mutu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗauko gwanjo ya yi tsatsa, su fesa masa fenti, su naɗe da leda su ce sabo ne. Ki kifa shi ki duba ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashin mazauni, in kin ga tabon walda ki ajiye. Ki ja birki biyun, ki tura da ƙarfi, in taya ta motsa ba shi da birki. Kada ki tura kuɗi don hoton da kika gani a Facebook, ki je da ƙafarki, kuma ki zauna a ciki a tura ki. Wasu za su lallaɓa ki da mai ƙananan tayoyi huɗu, wai ya fi sauƙin ɗauka. Gaskiya ne ya fi, amma yashi na kama shi ya tsaya cak. Ki auna faɗin Hajiya a zaune kafin ki fita. Yawanci mazaunin inci 18 ne, in tana da jiki ki nemi na inci 20. Taya kuma ki ɗauki wadda ba a sa wa iska, kada ƙusa ta ɓata muku rana.

Kada ku je ranar Juma'a ko lokacin hawan Sallah, wajen fada ba masaka tsinke. In za ku iya, ku bari damina ta wuce. Ku tashi bayan asuba, ku gama lungu kafin rana ta take. In Hajiya ta sa ran ganin tsohon Masallacin Juma'a, wanda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ki gaya mata tun a gida cewa wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, kada ta je ta tarar da abin da ba ta zata ba. Ki tafi da namiji mai ƙarfi ɗaya da zai riƙa turawa, da ɗan matashin da za a sa mata a baya.