Sharhi a kan garin metilin bulu mai giram 25: inda ya yi aiki a ɗakin gwaji da inda bai isa ba

Kwalbar da nake magana a kanta ta garin metilin bulu ce, shuɗin rinin da ake rina samfuri da shi don a gan shi a madubin likita; ƙarama ce, mai ruwan ƙasa, giram 25, irin wadda dillalan kayan gwaji ke kawowa ɗakunan gwaji da makarantu a nan Zariya. Hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta, kuma ta fi ruwan rinin da ake sayarwa a haɗe nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi: a karanta takardar jikinta kafin a biya, a kuma haɗa rinin da ruwa mai kyau. Yawancin ƙorafin da abokan aiki ke yi cewa "rinin nan ba ya kamawa" ba daga garin yake ba. Daga ruwa ne, ko kaurin abin da aka shafa a silaid, wato ƙaramin gilashin da ake ɗora samfuri a kai, ko lokacin da aka bar rinin a kai.

Garin kansa kore ne mai duhu, yana ɗan ƙyalli kamar tagulla. Sai ya shiga ruwa yake komawa shuɗi. Wanda bai saba ba kan ɗauka an ba shi wani abu daban, alhali haka asalinsa yake. Heinrich Caro ne ya fara haɗa shi a kamfanin BASF na Jamus a 1876 don rina tufafi, da shi kuma Robert Koch ya fara ganin ƙwayar tarin fuka a 1882. Abin da ya sa yake aiki abu ne mai sauƙi: rinin yana ɗauke da cajin fozitif, don haka yana manne wa duk abin da ke da cajin negatif, wato DNA da RNA da jikin bakteriya. Daga nan ne kusan duk amfaninsa da matsalolinsa suka samo asali. Idan ruwa ya yi tsami, kamun yana raguwa. Idan ya karkata zuwa alkali, kamun yana ƙaruwa har ya wuce kima.

A jikin kwalba a nemi lambar C.I. 52015, wato lambarsa a kundin sunayen rini. Wannan ita ce shaidar cewa metilin bulu ne na gaskiya. Akwai metil bulu, wanda rini ne mai cajin negatif da ba zai yi maka aikin nan ba ko kaɗan, akwai kuma sabon metilin bulu da ake ƙirga jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa da shi, shi ma sinadari ne daban. A duba kuma yawan rinin da ke cikin garin: wanda aka tantance don aikin madubin likita ba ya gaza kashi 82 cikin ɗari. Idan takarda ta ambaci gishirin zinki, wannan na rina kaya ne, a bar shi. Kwalbar da ba ta da lambar rukuni ko ranar ƙarewar aiki, ni ba na shawartar kowa ya saya, komai araharta.

Wajen narkewa ba shi da wahala. Ruwa mililita 100 na ɗaukar kusan giram 4, mu kuwa aikinmu bai kai ko kusa da haka ba. Wahalar tana wajen awo. Giram 1 ne ake buƙata don lita guda ta rini mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, kuma ma'aunin da ke karanta giram 0.1 kawai zai iya kauce wa da kashi goma. Hanyar da ta fi ita ce a auna giram 5 a narkar a mililita 500, a samu uwar rini ta kashi 1, sannan a riƙa ɗibar kashi ɗaya a ƙara kashi tara na ruwa. A fara dama garin da ruwa kaɗan har ya narke, sannan a cika. A tace da takardar Whatman lamba 1, a zuba a kwalba mai duhu, a rubuta kwanan wata da ƙarfin rinin da sunan wanda ya haɗa.

Maganar ruwa ce ta fi damuna. Ruwan burtsatse da na rijiya ba ɗaya ba ne daga unguwa zuwa unguwa, kuma ko rijiya ɗaya ruwanta na damina daban yake da na rani. Da irin wannan ruwa, yau rinin ya yi duhu, wata mai zuwa ya yi fari, ba tare da an canza komai ba. Ruwan famfo da na tanki kuma na iya ɗaukar dangin ƙwayar tarin fuka da ke rayuwa a ruwa, waɗanda ke riƙe jan rini kamar ta gaske. Saboda haka tataccen ruwa na distila kaɗai ya dace da haɗa rini. Ruwan leda ba ya maye gurbinsa.

Babban aikinsa a asibitocinmu shi ne rini na ƙarshe a gwajin kaki na Ziehl-Neelsen. Na'urar GeneXpert, mai gano DNA na ƙwayar tarin fuka, ta karɓe gwajin farko, gaskiya ne, amma bibiyar mai shan magani a wata na 2 da na 5 da na 6 har yanzu da madubin likita ake yi, kuma wannan na cikin abin da ake koyarwa a cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye. Bayan an shafa kaki, ya bushe da kansa, an gifta shi a wuta sau uku, sai a zuba jan rinin kabol fuksin na kashi 1, a ɗumama har ya yi tururi ba tare da ya tafasa ba, a bar shi minti 10. A wanke, a zuba asid salfurik na kashi 25 na minti 3, ko asid haidirokilorik mai kashi 3 a cikin itanol. A sake wankewa sosai, sannan metilin bulu na kashi 0.1 na minti 1, a wanke, a jingine silaid ya bushe. Ba a goge shi da takarda.

A nan garin ya burge ni. Bayan fage yana fitowa shuɗi mai haske, fararen ƙwayoyin jini na bayyana sarai, jan sandan ƙwayar cuta kuma na tsayawa a fili. Amma kuskure biyu ne ke ɓata wannan. Na farko shi ne barin rinin ya wuce minti ɗaya, ko amfani da na kashi 0.3 a kan shafi mai kauri. Shuɗin zai rufe ƙwayoyin, musamman a kakin da ƙwayoyin ba su da yawa, a duba fili 100 a madubi a rubuta babu, alhali akwai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutum zai koma gida da takardar da ke cewa magani na ci, alhali ba haka ba ne. Shafin da ya dace shi ne wanda, bayan ya bushe kuma kafin a rina shi, za a iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Na biyu shi ne rashin wanke asid da kyau. Ragowar tsamin na hana shuɗin kamawa, sai fage ya fito fari fat, ido ya rasa inda zai tsaya wajen saita madubi. Mai aiki sai ya zargi rinin ya ƙara masa ƙarfi, washegari kuma ya faɗa kuskure na farko.

Duk sabon rukunin rini a gwada shi da silaid biyu, ɗaya da aka san yana da ƙwayoyin, ɗaya da aka san babu. Lokacin hunturu a rufe kwalba da wurin shanya silaid, domin ƙura na sauka ta ɗauki rini ta yi kama da ƙwayar cuta. A zafin Maris da Afrilu kuma rinin na saurin bushewa a kan silaid ya bar ɓurɓushi, don haka a cika silaid da rini sosai, kada a yi ƙwauro. Lita ɗaya na rina silaid wajen 250, kwalbar kuma na ba da lita 25.

Haɗin Loeffler, wanda ake rina bakteriya da shi, ma ya fito da kyau: giram 0.3 a cikin mililita 30 na itanol mai kashi 95, a ƙara mililita 100 na fotasiyam haidiroksaid mai kashi 0.01. Wannan na ƙarshen ana samunsa ne ta ɗibar mililita 1 na mai kashi 1 a cika shi zuwa 100. Minti 1 zuwa 3 sun isa. Yana nuna siffar bakteriya da jerinsu, kuma a ƙwayar mashaƙo yana fito da ɗigo-ɗigo masu duhu a jikin sandan. Tun ɓarkewar mashaƙo a Kano da maƙwabtanta a 2023 ake yawan tambaya a kan wannan. Amsata ita ce alama ce kawai. Tabbatarwa sai an shuka ƙwayar an gwada dafinta.

Inda kwalbar nan ba ta isa ba shi ne gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya Paul Ehrlich ya yi wa masu zazzaɓin magani da rinin a 1891, kuma yana cikin haɗin rinin jini na Giemsa da Leishman da Field. Amma jan ɗigon da ake gane ƙwayar da shi yana fitowa ne daga haɗuwar wasu rini biyu, azur B da iyosin, a pH 7.2, wato ma'aunin tsamin ruwa. Metilin bulu shi kaɗai ba zai ba da shi ba. A sayi Giemsa mai kyau, a yi kashi 10 na minti 10 zuwa 15, ko kashi 3 na minti 45 zuwa 60. Haka ma likitocin dabbobi masu neman ƙwayar ciwon saifa a jini: gwajin M'Fadyean na buƙatar tsohon rini da ya daɗe yana shan iska har wani ɓangarensa ya rikiɗe zuwa azur, abin da kan ɗauki watanni da yawa har shekara. Sabon haɗi ba zai nuna ruwan hodar rigar ƙwayar ba, kuma rashin ganinta a nan ba shaidar lafiya ba ce.

Wata siffarsa da nake so ita ce yana rasa launi idan aka janye masa iskar oksijin, ya dawo shuɗi idan ya sake samu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga zane ya fito daga baba da kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi, ya riga ya fahimci abin. A kan wannan aka gina gwajin madara: mililita 10 na sabuwar madara, mililita 1 na rini mai kashi 0.005, a rufe bututun, a juya shi a hankali, a sa a ruwa mai ɗumin digiri 37, a riƙa dubawa duk rabin awa. Bakteriya na cinye oksijin, shuɗin na gushewa. Madarar da ta koma fara cikin ƙasa da awa 2 ba ta da kyau, wadda ta riƙe launi sama da awa 6 mai kyau ce. Siririn zoben shuɗi da ke saura a sama ba a lissafa shi, iska ce ke taɓa wurin. Gwaji ne da ya dace da masu karɓar madara daga rugagen da ke kewaye da Shika da Giwa, amma ba a yi wa nono ko kindirmo, domin su dama cike suke da bakteriyar da ta sa su tsami. Madarar da ta daɗe a firij ma na iya ruɗin mai gwaji, don ƙwayoyin da ke yaɗuwa a sanyi ba sa saurin cire launin.

Ga ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da ke gwada ƙarfin gawayi wajen tsotse rini daga ruwa, garin ya wadatar, sai dai a kula da abu uku. Ana karanta shi a na'urar auna haske a nanomita 664 ko 665, amma idan ya yi kauri ƙwayoyinsa na haɗuwa bibbiyu, wani tudu ya taso kusa da 610, layin awo ya lanƙwashe. A tsaya a ƙasa da miligiram 5 a lita, abin da ya fi haka a sirka shi. Sannan garin na ɗauke da ruwa a jikinsa: nauyin mol ɗinsa 319.85 ne idan babu ruwa, kusan 374 idan yana da ruwa uku, don haka a duba wanne aka rubuta. Na uku shi ne wanda ya fi ɓata sakamako: takardar tacewa da kanta tana shan rinin. Wanda ya tace samfurinsa da ita zai ga gawayinsa ya yi abin mamaki, alhali takardar ce ta yi wani ɓangare na aikin. A yi amfani da injin sentirifuj, mai juya samfuri da sauri har gawayin ya kwanta.

Malaman sakandare kuwa, ɗigo ɗaya na kashi 0.1 ya isa nuna cibiyar ƙwayar halitta a abin da aka kankaro daga cikin kumatu.

Aibin da na gani a kayan shi ne murfin. Garin na maƙalewa a bakin kwalba, da an buɗe sai ya watsu, ƙwaya ɗaya kuma ta isa ɓata farar riga. A buɗe a kan takarda, a kashe fanka, a sa safar hannu. Tabon tebur na fita da bilic, na gilashi da asid mai itanol, amma kada a haɗa su biyun a wuri ɗaya, domin suna fitar da iskar kilorin.

Akwai masu tallata shan metilin bulu a intanet don ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa, har wasu na tambayar ko na ɗakin gwaji zai yi. Ba zai yi ba. Na asibiti allura ce da aka tsarkake, likita ke ba da ita a miligiram 1 zuwa 2 kan kowane kilo idan jini ya kasa ɗaukar oksijin saboda wata guba. Na wannan kwalba ba a tsarkake shi don jikin mutum ba. Ko na asibitin ma yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare waɗannan ƙwayoyin, waɗanda suna da yawa a cikin mazanmu kuma galibi ba su san suna da shi ba, yana kuma yin mummunan karo da wasu magungunan ciwon damuwa. Kwalbar ta zauna a kabad mai makulli, nesa da rana, tare da sauran sinadarai.