Na mayar da tukunyar gas waje, bututun ya bi ta ƙarƙashin daɓe

Tun da autana ya fara rarrafe hankalina ya daina kwanciya da tukunyar gas a kicin. Da muka tashi sake tayil a gidanmu na Unguwar Dosa, sai na ce wa maigida a haɗa aikin: a kai tukunyar mai kilo 12.5 bayan kicin, a jawo bututu zuwa murhu. Yau wata huɗu ke nan.

Ni a tunanina tona rami za a yi, a jefa bututu, a zuba siminti. Mai aikin gas ɗin ya ƙi. Ya ce, "Hajiya, gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya. Ya samu rami rufaffe, nan zai taru, ba wanda ya sani." Gidajenmu na Kaduna ba su da sarari a ƙarƙashin ɗaki, ciko ne da daɓe, don haka ya yanka hanya ya kwantar da fayif na roba mai faɗi, sannan ya zura bututun jan ƙarfe a ciki. Bai bari siminti da jan ƙarfen sun haɗu ba. Bakin fayif ɗin na cikin kicin ya toshe shi, na waje ya bar shi a buɗe.

Abin da ya fi burge ni, bututun guda ne daga bango zuwa murhu, ba haɗi ko ɗaya a ƙasa. Wanda aka fara sayowa ya gaza kaɗan, birkila ya ce a yi masa ƙari, mai aikin gas ɗin ya ce sam. Sai da aka sake komawa kasuwa. Ranar na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma kuɗin nan bai ƙone ba. Kafin a rufe ya ɗura iska ya zauna yana kallon ma'auni, ya shafa kumfar sabulu a kowane haɗi na sarari, ya kuma sa makulli gefen murhu inda hannuna ke kaiwa.

Inda ya gaza: aikin kwana biyu ya kai kwana shida, muna girki da gawayi a tsakar gida. Bai kuma zana mana inda bututun ya bi ba. Allah ya sa na ɗauki hoto a waya kafin a shimfiɗa tayil, shi na nuna wa kafintan da ya zo kafa kabad makon jiya.