Ƙailula ko Shayin Ataya

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ɗan kasuwar da gajiya ta kama bayan azahar yana da zaɓi biyu. Shayin ataya yana wartsakar da shi nan take, amma sinadarin kafeyin da ke cikinsa ɓoye gajiya kawai yake yi, kuma rabinsa kan daɗe a jini kusan awa 5, har ya taɓa barcin dare. Ƙailula kuwa, wadda malamai suka daɗe suna kwaɗaitarwa a kanta, gajiyar take ragewa, muddin ba ta wuce minti 30 ba, domin wanda ya zarce kan farka jikinsa a mace. Wahalarta ita ce samun wanda zai tsare shago.