Wata shida da Browning Hi-Power a hannuna

Nauyin wannan ƙaramar bindiga ne ya fara yi min magana ranar da na ɗauke ta. Ta kusa kilo guda, ƙarfe ce zalla in ka cire katakon da ke gefen mariƙinta. Hannuna ya saba da Glock 17 a filin koyon harbi, wadda gangar jikinta roba ce, don haka da farko sai na ji kamar an miƙo min guduma. Da na harba harsashi biyar na fahimci amfanin nauyin. Shi ke shanye bugun, bakin bindigar ba ya zabura sama sosai, kafin ka ƙifta ido ya dawo kan saiti.

Abin da ya ja ni gare ta tun asali tarihinta ne. John Moses Browning, wanda ya ƙera M1911 da sojojin Amurka suka riƙe daga 1911 har 1985, shi ya fara zana ta wa kamfanin FN na Beljiyam. Rai ya yi halinsa a 1926 bai gama ba, Dieudonné Saive ya ƙarasa aikin, ta fito a 1935 tana cin harsashi 13, a zamanin da M1911 ke cin 7, Luger ta Jamus kuma 8. Da Jamusawa suka mamaye Beljiyam a 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, sai suka ci gaba da ƙera ta wa sojojinsu, can kuma a Toronto ta Kanada kamfanin Inglis ya shiga ƙera ta wa ɓangaren Ƙawance, masu yaƙar Jamus. Bindiga ɗaya, tana hannun masu yaƙar juna. Haka aka sake yi a yaƙin Falklands na 1982, Birtaniya da Ajantina kowa na rataye da ita.

A nan ne masu tara tsofaffin bindigogi ke haukacewa, kuma ni ma na kamu. Ƙarfe yana riƙe labari. Ka juya ta a ƙarƙashin fitila za ka ga ƙananan tambarin gwaji da aka buga mata a birnin Liège na Beljiyam, ka ga inda kuben fatar da ake saka ta ciki ya cinye baƙin launinta a kusurwoyi har farin ƙarfen ya leƙo. Mai tarawa na gaske da gilashin ƙara girma yake zuwa. Zai duba ko lambar da ke gangar jikin ta yi daidai da ta bututun da ta murfin sama, ko akwai tambarin gaggafa na sojan Jamus, ko saitin irin mai zamewa ne da aka rubuta masa har mita 500 (wanda, tsakani da Allah, ado ne kawai a ƙaramar bindiga). A ɓangaren M1911 ma haka ne. Wadda Remington Rand, masu ƙera tafireta, suka yi lokacin yaƙin duniya na biyu tana da yawa. Amma Singer, masu keken ɗinki, guda 500 kacal suka yi, shi ya sa duk wanda ya samu ɗaya ya tsinci dami a kala.

Takaicina ɗaya ne, kuma shi ne darasin da na saya da kuɗina. Wani da ya taɓa mallakar tawa ya ga ta tsufa, sai ya sa aka goge ta aka sake mata launi. Tana sheƙi kamar sabuwa, ni kuma a lokacin sheƙin ne ya ruɗe ni. Daga baya wani dattijo a filin harbi ya shafa babban yatsansa a kan rubutun gefenta, ya ce min, "Ɗana, ka ji yadda haruffan suka yi laushi? An cinye mata rabin daraja." Gaskiyarsa. Gefen haruffan ya zagaye, tambari guda ma da ƙyar ake ganinsa.

Wajen aiki kuwa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mariƙin yana zama a tafin hannu kamar don kai aka auna shi. Sau biyu gudumarta, wato ƙarfen da ke bayanta mai bugawa harsashi ya tashi, ta mintsine ni tsakanin babban yatsa da manuni, amma laifina ne, na riƙe ta can sama yadda na saba da ta roba. Tana son mai da tsumma bayan kowace fita, in ka yi sake zufar hannu za ta bar mata tsatsa.

Ban ga laifin sojojin da suka rabu da ita ba. Birtaniya ta koma Glock 17 a 2013, Amurka ta zaɓi SIG Sauer M17 a 2017 ta maye gurbin Beretta M9. Wanda zai wuni da bindiga a ƙugu yana lissafin kowane giram. Ni da nake fito da tawa sau biyu a wata, nauyin bai dame ni ba. Yanzu ta Inglis nake nema, wadda launinta ya koɗe, kuma wannan karon da gilashina zan je.